Kunun Ƙofar Hansai

A Tsamiyar Maiwada, wani ɗan gari da ke gefen hanyar Dayi, ba a taɓa yin zagaye an tsallake ƙofar gidan Hansai ba. Ba ta da sarauta, ba ta da dukiya, ba ta kuma taɓa shiga sahu an taka da ita ba. Kunun zaƙi kawai take damawa. Amma ko macin 'yan makaranta ne, ko zagayen Maulidi, ko 'yan ƙwallo ne suka ciwo kofi a Matazu suka ɗora shi a ka suna ihu, in dai an taso daga filin firamare an ratsa kasuwa, to sai an karya kwana an shiga lungun Masaƙa an ja birki a gaban randunanta, kowa ya sha ya goge baki, sannan a ci gaba. Mutanen gari kan ce Allah ya ba matar nan hannun kyauta. Ba ƙarya suka yi ba, sai dai iya abin da suka gani suka faɗa. Mutum ɗaya Hansai ke so ta shayar, ta rasa hanyar da za ta bi, shi ya sa ta ɗauki shayar da gari gaba ɗaya.

Mutumin nan shi ne ɗanta na fari, Abdulmutallib, wanda yanzu gari ke kira Kwamanda. Hansai ta fito daga irin gidajen da ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa. Yana jariri ba ta yi masa wasa sai ta tabbata ba kowa a ɗaki. Ranar da aka yaye shi kuwa kakarsa Inno, uwar mijinta Maitama, ta saɓa shi a kafaɗa ta wuce da shi gidanta can unguwar Tudu, shi ke nan. Ya tashi yana ganin Inno ce uwa, Hansai kuwa yana ce mata Yaya, yadda ya ji ƙannen babansa na kiranta. In ya zo gaisuwa ya tsugunna daga bakin ƙofa, ta amsa tana kallon tukunya. In ya zama dole sai ta ambace shi, sai ta ce “wancan yaron.” Ta haifi wasu a bayansa, ta goya su, ta zage su, ta rungume su kamar kowace uwa. Shi kaɗai aka ce ta kawar da kai, ta kuwa kawar har wuyanta ya saba.

Maganar kunu ta samo asali ne tun farkon shekarun tamanin, wata ranar ɗaya ga Oktoba. A zamanin nan maci maci ne. Tun da sauran makonni malamai ke hana yara sakat da usur da tsumagiya, iyaye mata su wanke farar riga su sa mata bula, a goge ta da dutsen guga na gawayi. Ranar an jera yara a fili tun hantsi ana jiran babban baƙo daga Malumfashi, shi kuwa, kamar yadda manyan baƙi suka gada, bai ga damar isowa ba sai da rana ta take tsaka. Aka yi jawabi, aka sara wa tuta, sannan aka ce a zaga gari da badujala. Zafin ƙarshen damina ne, irin mai dafa mutum a cikin rigarsa. Abdulmutallib na riƙe da tutar ajinsu. Daidai ƙofar gidan ubansa ƙafafunsa suka harɗe, ya tafi luu ya faɗi, tutar ta rufe masa fuska.

Hansai na cikin zaure tare da faccalolinta da wata gwaggon mijinta, suna leƙe ta bayan asabari. Ta gani da idonta. Matan nan duk suka juyo suka zuba mata ido, suna jiran su ga abin da za ta yi. Babu wanda ya riƙe ta. Da ma an riƙe ta, da ta sami wanda za ta ɗora wa laifi. Tsayawa kawai ta yi, hannunta a kan ƙirji, ƙafa ta ƙi gaba ta ƙi baya.

Wadda ta fito a guje ita ce Sekinat, wata Bayarabiya mai teburin sukari da sabulu a tsallaken lungu, wadda ake kira Iya Lamidi. Ko ɗankwali babu a kanta. Ta ture malamin da ke ta busa usur a kan yaro kamar usur magani ne, ta sheƙa masa ruwa, ta tallafo kansa ta ɗura masa kunun da ta ajiye don kanta. Sannan ta ɗaga murya da Hausarta mai lanƙwasa: “Ina uwar yaron nan? Yaron nan ba shi da uwa ne?”

Yaro ya farfaɗo, aka kai shi Tudu wajen Inno. Da yamma mata suka yi ta shigowa suna yaba Hansai, wai 'yar halak ce, ta san kara, ko motsi ba ta yi ba. Ta saurara, ta ce an gode. Yabon nan ya fi zagi ƙona ta, kuma tun daga ranar zama ya ƙaurace mata. Ko tuwo take tuƙawa sai ta miƙe ta leƙa zaure ta dawo, ita ma ba ta san abin da take leƙe ba.

Da shekara ta zagayo, ana gobe maci, ta buɗe rumbu ta auno gero ta jiƙa. Ta kai niƙa tare da busasshen dankali da citta da kanumfari, ta dama rabi da tafasasshen ruwa, ta bari ya huce ta haɗa da ɗanyen, ta rufe ya kwana. Da safe ta tace, ta sa aka fitar mata da randa ƙofar gida. Maitama, wanda manomin auduga ne mai son barkwanci, ya tsaya riƙe da ƙugu.

“Yanzu Hansai gerona za ki ɗura wa 'ya'yan gwamnati?”

“Sadaka ce, Malam.”

“To sadakar ba ta san hanyar bakina ba ne?”

Ta cika masa moɗa, ya sha ya yi gyatsa. Ko ya gane ko bai gane ba, har ya koma ga Allah bai taɓa tambayarta ba, kuma rumbu bai taɓa rufuwa a ranar zagaye ba.

Sekinat ce ta zama abokiyar aiki. Ita ke kawo sukari daga teburinta ta zuba da kanta, ita ke tsayawa a waje tana miƙa kofuna, Hansai kuwa tana daga bakin zaure da ludayi tana cikawa. In layi ya zo kan Abdulmutallib, sai Hansai ta nutsa ludayi har gindin randa inda kaurin yake, ta cika kofi har yana zuba, ta miƙa wa Sekinat tana kallon wani wuri daban. Sekinat ta miƙa masa. Yana sha, Hansai na jin kukan maƙogwaronsa daga inda take, a nan ne kaɗai take samun natsuwa.

“Ku Hausawa wahala gare ku,” in ji Sekinat wata shekara suna wanke kofuna. “Ni da sunan ɗana na fari ake kirana, kuma daɗi nake ji. Ke kuma naki kina gudun sunansa kamar wuta.”

“Ke dai miƙa kofi, Iya. Surutu ba ya kashe ƙishi.”

Wanda duk yake son tarihin shagulgulan garin nan, da ya zo ya tsaya a bakin randunan Hansai, don komai ta nan ya bi. Ta shayar da samarin kalankuwa bayan kaka, waɗanda ke shigar gwamna da alƙali da likita, gwamnan da takalmin aro yana ɗingishi saboda ya matse shi. Ta shayar da manoma a shekarun da ake nunin amfanin gona, lokacin da ake ɗaure wa shanun huɗa kyalle a ƙaho, a loda wa amalanke auduga har ta fi katanga tsawo, a biyo lungu da ita tana barin farin gashi a jikin kowane bango. Ta shayar da Kiristocin gari, Ibo 'yan kasuwa da Hausawan ƙauyuka, ranar Lahadin da suke fitowa da ganyen dabino suna waƙa. Wani mai baki ya ce mata me ya haɗa ta da su, ta ce ba ta taɓa jin ƙishi ya tambayi mutum inda yake ibada ba. Hatta 'yan siyasa da suka zo da baburansu suna tayar da ƙafar gaba, suka fasa mata randa guda, ba ta hana su ba, illa dai ta yi musu zagin da har yau ana maimaita shi a tasha.

Kalankuwa ta mutu a tsaye, samari suka koma kallon ƙwallon Turai. Auduga ta ja baya, masara da waken suya suka cinye gonaki, nuni ya bi ta. Macin Oktoba ya yi ta ƙanƙancewa har ya koma zagaye fili sau ɗaya a watse. Zagayen Maulidi kuwa, da ya fara da makarantar Islamiyya ɗaya da 'yan tutoci, sai ya yi ta haɓaka har ya zama shi ne babbar ranar gari: 'yan mata cikin hijabi launi launi, samari da mandiri, motar lasifika, 'yan agaji cikin kaki suna tsare sahu. A duk wannan juyi Abdulmutallib bai bar hanya ba. Ya yi maci yana ɗalibi, ya dawo ya yi yana malami da nasa usur ɗin, daga baya ya zama kwamandan 'yan agaji, mai tafiya a gaban kowa da 'yar sanda a hammata. Ya yi furfura, ya aurar da 'ya'ya, har yanzu shi ne wancan yaron, kuma har yanzu kofinsa daga gindin randa ake ɗebo shi.

Sai shekarun tsoro suka zo. 'Yan bindiga suka fara da ƙauyukan nesa, ana jin labari daga wajen Dandume kamar ba zai iso ba, har ya iso. Aka daina taro, biki ya koma ɗaurin aure a watse. Maulidi kowa ya yi a cikin makarantarsa ƙofa a rufe. Hansai ba ta fasa jiƙa gero ba. Ta dama, ta tace, ta raba wa maƙwabta a kwanuka, ta aika da wani Tudu gidan Kwamanda a matsayin na yara, amma ba ta ji kukan maƙogwaro ba, don haka a wajenta ba a sha ba. A cikin shekarun nan Maitama ya rasu. Mijin Sekinat ma ya rasu, 'ya'yanta suka zo suka tattara ta suka mayar da ita Ogbomosho tana kuka tana cewa ita ba ta san kowa a can ba. Lungun Masaƙa ya rage daga Hansai sai kaji.

Bana aka sami ɗan sauƙi, aka ce za a yi zagaye. Tare da wannan albishir wani labari ya shigo: Kwamanda zai miƙa sanda ga wani a filin Idi in an gama, bayan Maulidi kuma zai kwashe iyalinsa ya koma Funtua wajen ɗansa. Wannan ne zagayensa na ƙarshe. Da aka faɗa a gabanta Hansai ta ce Allah ya sa alheri, ta ci gaba da tsince wake. Amma da mai labari ya fita ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta wanke randuna, ta sake wanke su. Ta auno geron da ya fi na kowace shekara. Sukari kuwa, da yake babu Sekinat mai aunawa, ta sayo shi da yawa, ta ce gara ya yi yawa da a ce hannunta ya mutu.

Ana gobe zagaye, ta dawo daga niƙa ke nan, jikarta Sa'adiya ta shigo. 'Yar Kwamanda ce, malama a Islamiyya, kuma ita Hansai ta yi niyyar ɗorawa a gurbin Sekinat. Sa'adiya ta ga bokitan ƙullu jere, ta dafe kai.

“Kaka, wai ba wanda ya gaya miki? Bana ba a shigowa lungu. Titi za a bi santal, daga firamare a bi ta tasha, a wuce ɗakin shan magani, a ƙare a filin Idi.”

“In ji wa?”

“In ji kwamiti.”

“Kwamitin uban wa?”

Ba ta jira amsa ba ta figi mayafi. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma Hansai ba ta cikin masu jin irin wannan magana. Ta tarar da shugaban kwamiti, Malam Muhammad Awwal, a zaurensa ana ɗaura tutoci a jikin gora. Ta san shi tun yana zuwa layin kunu da majina a hanci yana komawa baya don ya sha sau biyu. Ya tashi ya ba ta tabarma, ta ƙi zama.

“Awwalu, me lungun Masaƙa ya yi muku?”

“Inna, wallahi ba raini ba ne. Jami'an tsaro ne suka ce in dai za a yi, to a tsaya kan titi. Lungun nan mutum uku ba su jerawa. In wani abu ya fashe, ko tayar babur ce, yaran nan tattake juna za su yi. Ki aiko da kunun filin Idi, ni da kaina zan sa a raba.”

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. A filin Idi Kwamanda rumfar manya zai hau, a ajiye masa ruwan roba a gabansa, ina ita ina rumfar manya. Amma da wane baki za ta faɗi haka?

“Ai da Kwamanda aka yanke,” Malam Awwal ya ƙara, yana ganin taimako yake yi. “Bai ce uffan ba. In kina ganin da gyara, ki yi mishi magana mana, ai ke ce sama da mu a wajensa.”

Hansai ta dube shi kallon da ya sa ya sunkuyar da kai. Ta juya ta fita ba sallama. A hanya magana ɗaya ke yi mata yawo a ka: bai ce uffan ba. Ashe shi kunun bai dame shi ba. Ashe shekara da shekaru ita kaɗai ke kiɗanta tana rawarta. Ranta ya ɓaci ƙwarai, har ta ce a zuciyarta bari ta zuba wa awaki ƙullun ta huta. Tana isa gida ta hura wuta ta ɗora ruwan damu.

Da safe ta tace, ta zuba sukari har sai da ludayi ya yi nauyi, ta aika aka kira mata Mudi ɗan garuwa, wani ƙaton mutum mai sanyin hali da ke kawo mata ruwa. Ta sa ya juye ruwan jarkokinsa a randa, aka ɗura kunu a madadinsu, aka jera a kura.

“Ina muka nufa, Inna?”

“Inda suke. Tunda ba su zuwa, mu za mu je.”

Daga nesa mandiri ya fara tashi. Suka yanke ta bayan kasuwa don su riga zagaye isa tasha. An yi ruwa jiya, hanyar duk ta zama kwaɓa. Tayar kura ta nutse, Mudi ya tura, ta ƙi. Hansai, da shekarunta sun doshi saba'in, ta ɗaure mayafi a ƙugu ta sa kafaɗa. Da ƙyar suka fita, laka har gwiwa. Suna ɓullowa tasha suka tarar da fili fetal, sai ledojin ruwa a ƙasa da masu shayi suna mayar da bencinansu.

“Yanzun nan suka wuce, Inna!” wani ya ɗaga murya. “A sammana kunun mana!”

Ko waiwaye ba ta yi ba. Suka kutsa ta hanyar da ta bi gefen gonar masara. Masara ta fi mutum tsawo, ba a ganin komai, sauti kawai ake ji, yanzu a dama, an jima a hagu, kamar da gangan ake yi mata. Mudi na haki yana cewa a bi a hankali kada jarka ta fashe, ita tana gaba tana cewa ya ɗaga ƙafa, ƙato har ƙato ba zuciya. Suka fito daidai ɗakin shan magani, suka faɗa cikin wutsiyar zagaye, inda ƙananan 'yan Islamiyya suke, waɗanda aka bari a baya suna jan silifa.

Wata yarinya ta hango kura ta ƙwala ihu: “Kunun Inna Hansai!” Kafin a ce me, an yanyame su. Hannuwa ta ko'ina, leɓɓa duk sun bushe. Hansai ta dubi gaba, can ƙarshen titi ta hango tutocin farko suna shan kwana, da sauran zagayi a gabansu kafin su isa kwalbatin da ke kaiwa filin Idi. Ta dubi yaran. Ba ta taɓa hana yaro kunu ba, ba kuwa yau za ta fara ba. Ta shiga zubawa da sauri, tana yi tana ɗaga kai, jarka ɗaya ta ƙare, ta biyu ta bi ta. Sai ta ga in ta tsaya sai kowa ya sha, to wanda aka yi don shi ba zai sha ba.

Ta jawo jarkar da ba a taɓa ba, ta girgiza ta sosai, ta cika wani kwanon sha mai murfi, ta danƙa wa Mudi sauran.

“Ka raba musu. Wanda ya koma layi sau biyu ka ƙyale shi.”

Ta rungume kwano ta faɗa lungun mahauta, wanda ke fita kai tsaye bakin kwalbati. Ba gudu take ba, don gudu ya bar ta tuntuni, amma ba tafiya ba ce. Karnuka suka yi mata haushi. Takalminta ɗaya ya maƙale a laka, ta bar shi nan. Ƙirjinta na zafi, numfashi na fita da ƙara, tana jin kunu na kaɗawa a cikin kwano tana danne murfi da haɓa. Ta ɓullo kan titi, ta tarar da shi wayam. Ta ɗauka ta sake makara. Sai ta ji mandiri daga hagu yana matsowa. Ta taka zuwa tsakiyar titi ta tsaya.

Duk tsawon shekarun nan daga gefe take ganinsa, ta wutsiyar ido, ta bayan asabari. Yau ga shi yana tahowa gaba da gaba cikin hasken rana, ba inda za ta kai idonta. Ta ga kakin ya yi masa yawa, bel ya zagaye shi har da saura. Ta ga wuyansa ya zama siriri, idanu sun faɗa. Ta ga yana jan ƙafar hagu, yana ƙoƙarin ɓoyewa cikin takun maci. Yaushe ya koma haka? Kwana nawa da ya zo gaishe ta, tana kallon tukunya?

Wani matashin ɗan agaji ya rugo. “Inna, matsa gefe don Allah, hanya!”

Kwamanda ya ɗaga sanda. Sahun farko ya tsaya, na bayansa ya tsaya, mandiri ya yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya har can baya. Hansai ta buɗe murfi. Ta dubi dama ta dubi hagu tana neman hannun da za ta bi ta kansa, babu kowa kusa sai shi. Mutane sun cika gefen titi, har da tsofaffin matan da suka san ta tun tana amarya. Ta miƙa masa kwanon da hannunta.

Ya sa hannu biyu ya karɓa. Kafin ya kai baki Sa'adiya ta ratso sahu a guje, hijabi na tashi.

“Baba, kar ka sha! Kaka, sukari ne a ciki ko? Ciwon suga gare shi, likita ya hana shi tun kafin a daina zagaye! Iya Lamidi ware mishi nashi take kafin ta zuba sukari, in kin miƙo kofi ta musanya a ɓoye, shi ya roƙe ta kar ta gaya miki. Funtuwar ma don asibiti za a koma.” Ta dubi kakarta. “Shi ya sa bai yi musu ba da aka ce a bar lungu. Ya ce gara a ce hanya ce ta hana, da a ce ya mayar miki da kofi.”

Duk garin nan an sani. Mai shayi ya sani, Mudi ya sani, Bayarabiyar da ke Ogbomosho ta sani. Uwar da ta haife shi ce kaɗai ba ta sani ba, don ba ta taɓa tambaya ba, kuma ba wanda ya ga fuskar kawo mata zancensa. Kunya ta kama Hansai, amma ba irin wadda aka koya mata ba. Ta kai hannu ta kama bakin kwano.

“Kawo. Ban sani ba. Kawo in zubar.”

Bai saki ba. “Yaya,” ya ce a hankali, “wannan dai ki bar mani.”

Ya durƙusa a kan kwalta cikin kakinsa, a gaban 'yan agajinsa da jama'ar gari, ya kafa kai. Sa'adiya ta rufe baki da hannu. Bai ɗago ba sai da ya ga gindin kwano. Ya ajiye shi, ya ce Alhamdulillahi, ya dafa ƙasa zai miƙe. Ƙafar ta ƙi. Ya sake yunƙurawa, ya koma. 'Yan agaji biyu suka zaburo za su kama shi, amma Hansai ta riga su. Ta sa hannu a ƙarƙashin hammatarsa, ƙafarta ɗaya ba takalmi, ta ji ƙasusuwan haƙarƙarinsa ta cikin kaki.

“Ku matsa,” ta ce, da muryar da har masu mandiri na baya sai da suka ji. “Ku bar shi. Ni na haife shi.”